'Yar rediyo mai memori da na sayo wa Mama a Terminus

Abin bai fi tafin hannu ba, ja ne, da igiyar ratayawa, irin wanda masu kayan waya ke jerawa a bakin titin Ahmadu Bello Way a Jos. Yana kama FM, yana cin memori, ana yi masa caji da wayar caji ta Android. Na saye shi ne don Mama, wadda idonta ya daina ɗaukar ƙananan baƙaƙe ko da tabarau. Littafi Mai Tsarkinta na Hausa ya tsufa a hannunta, bangon har ya sha ɗinki wurin mai gyaran takalmi, amma yanzu sai dai ta riƙe shi a cinya a sujada.

Wani ɗan matasan ikkilisiyarmu a Tudun Wada ya zuba mana Sabon Alkawari na Hausa da murya, kowace sura da lambarta, daga 1 zuwa 260. Shi ya ankarar da ni lissafin da ya gyara mana komai: surorin Sabon Alkawari 260 ne, ranakun Litinin zuwa Jumma'a a mako 52 su ma 260 ne. Sura ɗaya kowace ranar aiki, shekara na ƙarewa kin gama. Asabar ta biyan bashi ce idan wata ta kuɓuce.

Babban alherin rediyon shi ne yana tuna inda aka tsaya. Mama kan kunna shi da asuba, tana cikin bargo saboda sanyin Jos, ya ɗora daga inda ya bari jiya. Ba neman shafi, ba jiran jika ya tashi daga barci. Kuma babu WhatsApp a cikinsa. Wanda ya taɓa buɗe waya da niyyar karanta Zabura ya tsinci kansa a group ɗin Zumuntar Mata ana gardamar ankon biki, ya san darajar wannan. Ni ma yanzu da shi nake fara yini a shagon ɗinki kafin in taka keke.

Sai dai wajen neman sura akwai aiki. Allonsa lamba kawai yake nunawa, ba sunan littafi. Matiyu sura 28 ne, saboda haka Markus yana farawa a 29, Luka a 45, Yohanna a 69, Ayyukan Manzanni a 90, Romawa a 118. Idan Baba Pasto ya ce a je gida a sake duba Yohanna 3, sai kin san 71 za ki danna. Na rubuta lambobin da manyan baƙaƙe a kwali na liƙa a bangon ɗakin Mama. Aya kuwa, ki manta. Surar za ki saurara daga kai. Maɓallan ma ƙanana ne kuma sun matse juna, sau da yawa yatsanta kan zame ta faɗa FM ana tallan maganin basir.

Muryar ta fita tsaf a ɗaki, amma idan aka ƙure ta tana ɗan kakkarwa. Caji ɗaya yana kai mu kwanaki, in dai jikoki ba su ɗauke shi sun sha waƙa ba. Memorin da ya zo da shi bai yi wata ba ya fara tsallake surori, na sake saye mai kyau. Ki sa a gwada miki komai a gabanki kafin ki ba da kuɗi, ki kuma yi ciniki.

Ga mai ido lafiya, ban ce ya ajiye littafi ba. Saurare yana wucewa da gudu, musamman wasiƙun Bulus, inda jimla ɗaya kan so a koma mata sau uku. Ni nakan buɗe nawa ina bi da yatsa, in tsayar da rediyon in ja layi. Amma ga tsoho, ko wanda bai yi boko ba, ko mai aikin da ya riƙe hannu biyu, ya ci kuɗinsa. Ƙanwar Mama da ke Bukuru ta riga ta aiko a sayo mata nata, ta ce a haɗa mata da Zabura.