Zinaren Farankawa: wanne za ka saya, kuma ta ina ake cin mutum

Mai neman sulen zinare na zamanin Merobinjiya, gidan sarautar Farankawa, waɗanda suka mulki ƙasar da a yau ake kira Faransa daga kan Sarki Clovis, zai tarar da iri uku a kasuwa.

Akwai solidus, babban sule mai nauyin giram 4.5 ko kusa da haka. Wanda Sarki Theudebert na ɗaya ya buga da sunansa a wajajen 540, abin da ya fusata Rumawan Gabas, kayan gidan tarihi ne da attajirai, kada ka wahalar da kanka. Sai waɗanda aka kwaikwaya daga kuɗin Anastasius da Justinian, sarakunan Rumawan Gabas, su kuma ko masana sukan yi gardama a kan na Farankawa ne ko na maƙwabtansu Bisigotawa ko Burgundawa. Ba na sayen abin da ba a san mai shi ba.

Nawa zaɓin shi ne tremissis, ƙaramin sule mai sunan maƙeri da sunan gari, wanda aka riƙa bugawa daga ƙarshen ƙarni na 6 zuwa wajajen 670. Ɗan mitsitsi ne, bai kai farcen babban yatsa ba, nauyinsa kamar giram 1.3, amma magana gare shi. Gefe ɗaya kai ne mai rawanin sarauta da sunan garin, ɗaya gefen gicciye da sunan wanda ya buga shi. Garuruwan sun kai ɗaruruwa. A kabarin Sutton Hoo na Ingila, da aka tono a 1939, an sami guda 37 cikin jaka, kowanne daga wurin buga kuɗi daban. Eligius, maƙerin zinaren Sarki Dagobert, ya bar sunansa a kan na Paris. Na maƙeri Madelinus na garin Dorestad, a ƙasar Holan ta yau, ya fi sauƙin samu, sai dai tun a lokacin mutanen Firisiya, yankin gaɓar teku da ke arewa da garin, suka yi ta kwaikwayonsa.

To ga inda ake cuta. Zinaren waɗannan sulalla ya yi ta raguwa a ƙarni na 7 ana cika shi da azurfa, don haka na ƙarshe-ƙarshe fari-fari suke. Macuta sun samu kafa a nan: su ba ka jabu mai kodaɗɗen launi su ce na ƙarshen zamanin ne. Wani dillali a intanet ya taɓa aiko min da irinsa, da na sa gilashin ƙara girma sai ga ƙananan ramuka a fuska da wani siririn layi ya zagaye baki, alamar zubi ke nan. Na gaske da guduma aka buga shi, haruffansa na da kaifi ko da sun karkace. Akwai kuma jabun da aka yi tun zamanin, jan ƙarfe a ciki, ruwan zinare a sama. Wannan yana da darajar tarihi, amma kada a karɓi kuɗin zinare a kansa. Duba gefen da ya goge, za ka ga kore ko ja yana leƙowa.

Kafin ka biya, a ɗora shi a sikeli mai auna ɗigon giram, a nuna maka hoton bakinsa, a faɗa maka gwanjon da ya fito da shekarar. Wanda aka huda ko aka taɓa liƙa wa maɗauri, farashinsa ya sauka. Dillalin da ya ƙi rubuta cewa zai mayar da kuɗinka in ya fito jabu, ka bar masa kayansa.