Famfon hannu ko silinda: wanne ya fi dacewa da bindigar iska?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya cewa ya sayi bindigar iska irin wadda ake ɗura wa iska kafin a yi harbi, wato PCP, ana cika ta zuwa bar 200 (bar shi ne ma'aunin matsin iska), kuma ƙarshen mako kawai yake fita harbin auna bara. Yana son sanin ko famfon hannu zai saya ko silinda, wato tukunyar da ake adana matsattsiyar iska a ciki, don ɗura mata iska.

Malam, kafin ka duba farashin ko wanne, ka fara duba abu biyu a jikin bindigarka: girman rumbun iskarta da iyakar matsin da aka rubuta mata. Waɗannan biyun, tare da sanin ko akwai inda za a cika maka silinda kusa da kai, su ne za su yanke maka hukunci.

Bari in fara da lissafi, don shi ne mutane suka fi tsallakewa. A ce rumbun bindigarka cc 200 ne, wato kashi ɗaya cikin biyar na lita, kana harbi har matsin ya sauka zuwa bar 100, sannan ka mayar da shi 200. Iskar da kake buƙata a kowane ɗuri ta kai lita 20 ta iskar sarari. Famfo yana zuƙar ɗan kaɗan ne a kowane bugu, don haka ka sa ran bugu wajen ɗari, ya ɗan gaza ko ya ɗan haura gwargwadon famfon. Silinda mai lita 12 da aka cika zuwa bar 300 kuwa tana da rarar bar 100 a saman abin da bindigarka take so. A takarda wannan ɗuri 60 ne. A aikace ba zai kai ba, saboda duk ɗuri sai ka zubar da iskar da ta rage a tiyo, kuma iska idan ta haura bar 200 ba ta matsuwa daidai da yadda lissafi mai sauƙi yake nunawa. Duk da haka ɗuri ne mai yawa, kowanne a cikin ƙasa da minti ɗaya, ba gumi.

Ga inda ake yin asara. Silinda iri biyu ce ta fi yawa, mai bar 232 da mai bar 300, kuma a ido kusan ɗaya suke. Mai 232 rararta bar 32 ce kacal a kan bindigarka, wato ɗurin da bai kai 20 ba ko da lita 12 ce. Da zarar matsinta ya sauko 200, to har yanzu cike take da iska amma ba za ta ƙara cika maka bindiga ba, domin iska ba ta hawa daga ƙaramin matsi zuwa babba. Idan kuma gobe ka koma bindiga mai bar 250, wannan silindar ba za ta iya cika maka ita ba tun ranar farko. In dai silinda za a saya, a sayi mai 300, sannan a tabbatar mai cikawar yana da injin da yake kaiwa 300 ɗin. Ba kowa ba ne.

Famfo ba shi da wannan matsalar. Muddin an ƙera shi ya kai matsin, kullum zai kai ka can. Abin da yake karɓa a hannunka ƙarfi ne. Bugun farko-farko ba komai, amma daga bar 150 zuwa sama sai ya fara gardama, kuma a nan dantse ba ya aiki, nauyin jiki ne. Ka miƙe hannuwa, ka lanƙwasa gwiwa, ka sauke jikinka a kan mariƙin, ka ɗan dakata a sama da ƙasa don iskar ta gama wucewa. Mai ƙaramin jiki ko mai ciwon baya zai sha wuya. Sannan wanda ya gama bugu ɗari zuciyarsa tana dukan uku-uku, hannunsa yana rawa, ba zai saita bara daidai ba sai ya huta. Mai harbin gasa ya san wannan sarai.

Wahalar ma ba sabuwa ba ce. Bindigar Girandoni da sojojin Ostiriya suka riƙe tun wajen 1780 tana cin bugu kusan 1,500 kafin rumbunta ya cika, alhali matsinta bai kai sulusin na bindigarka ba.

Zafi shi ne yake kashe famfo. Matse iska yana haifar da zafi, zafin kuma yana cinye zoben robar da ke ciki. Ka yi 'yan mintuna ka tsaya, ka bar shi ya huce, kada ka ce sai ka gama a tashi ɗaya. Ka sayi wanda ake samun robobinsa na canji. Irin su Hill na Ingila da FX na Suwidin ana kwance su a gyara, shi ya sa suke daɗewa.

Batun danshi ya fi wannan nauyi a wurina. Famfo iskar da ke kewaye da kai yake zuƙa, da laimarta. Idan aka matse ta sai laimar ta koma ruwa, wani ya fita ta bawul ɗin sakin iska, wani ya wuce cikin bindiga ya zauna yana cin ƙarfe ta inda ba ka gani. Matatar busar da iska da ake ɗaura wa wasu famfuna tana ragewa, in ana canja ƙwayoyin shanye laimar da ke cikinta a kan lokaci. Silindar da aka cika a wurin masu kayan nutso a ruwa kuwa iskarta tacacciya ce busasshiya, tunda don numfashin mutum aka shirya ta. A nan silinda ta yi wa famfo fintinkau, musamman inda iska take da laima.

Amma silinda tana da nata matsalolin. Mai lita 12 ta ƙarfe tana haura kilo 15, ba abin ɗauka a shiga daji ba ce. Mai lita 3 tana ɗaukuwa, sai dai ɗurinta bai wuce 15 ba a lissafin da muka yi. Ana yi mata gwajin matsi lokaci-lokaci, a ƙasashe da yawa duk shekara 5, kuma mai cikawa na gaskiya ba zai taɓa wadda kwanan gwajinta ya wuce ba. Silindar da aka yi da zaren kabon maimakon ƙarfe zalla ta fi sauƙin ɗauka nesa ba kusa ba, amma da yawansu suna da wa'adin shekara 15, saboda haka wanda zai sayi ta hannu ya karanta tambarin da ke jikinta tukuna. A mota a ɗaure ta, kada ta yi birgima, don bawul ɗin ne wurin haɗari. Injin hura taya kuma ba ya cikin wannan magana, bai fi bar 10 yake kaiwa ba.

Abu biyu babu sassauci a kansu ko wanne ka zaɓa. Kada a kuskura a ɗura iskar oksijin ta asibiti ko ta masu walda, kuma kada man inji ko giris na fetur ya kusanci hanyar iskar. Mai da babban matsi suna kamawa da wuta, bindiga ta tarwatse a hannu. Man silikon kaɗai ake shafa wa robobi. Da silinda kuma a buɗe bawul a hankali, ido a kan geji mai nuna matsin iska, a saki iskar tiyo kafin a cire shi.

A yanayinka, Malam, da ƙaramin rumbu da bar 200 da harbin mako-mako, famfo mai kyau da matatar danshi ya ishe ka, in jikinka lafiya lau. Ka riƙa ƙara iska tun matsin bai sauka sosai ba, aikin zai yi sauƙi. Ranar da ka koma bindiga mai kwalbar cc 480, ko ka fara harba ɗaruruwan harsasai a zama ɗaya, ko yara suka fara harbi tare da kai, bugun zai haura ɗari biyu, sai ka nemi silinda mai bar 300, bayan ka gano wanda zai cika maka ita. Famfon kuma kada ka sayar, zai yi maka rana duk lokacin da silindar ta tafi gwaji.