Ejan ɗin da ya shirya mana tafiyar ƙafa a ƙauyukan bakin teku na Italiya

Tsakani da Allah ofishin tafiye-tafiyen nan na cikin Kano da muka bi ta hannunsu sun iya aiki, ko ƙanina zan iya turawa wajensu ba tare da fargaba ba, amma akwai abu ɗaya da ba sa gaya wa mutane kuma shi ya kamata su fara faɗa kafin su karɓi kuɗin kowa. Fakejin da suke sayarwa na Cinque Terre, ƙauyuka biyar ɗin nan da ke yankin Liguria a arewa maso yammacin Italiya, suna tallarsa kamar shan iska ne kawai a bakin ruwa kana ɗaukar hoto, alhali hawan dutse ne sosai, na gaske.

Bari in fara da inda suka burge ni. Takardun biza su suka haɗa mana tsaf, inshora, bukin ɗin otal, komai a fayil ɗaya, kuma yaron da ke kula da mu ko ƙarfe nawa ka tura masa saƙo a WhatsApp zai amsa. Masauki kuma ba su sa mu cikin ƙauyukan ba, a La Spezia suka ajiye mu kusa da tashar jirgin ƙasa, wannan dabara ce mai kyau don ɗaki a Vernazza ko Manarola akwai ɗan karen tsada, daga La Spezia kuwa mintoci kaɗan jirgi ya sauke ka a Riomaggiore. Sun saya mana katin da ya haɗa jirgi da izinin shiga hanyar ƙafar da ta haɗa ƙauyukan, ba mu tsaya layi ba ko sau ɗaya.

To hanyar fa. Sunanta Sentiero Azzurro, kusan kilomita 12 ce idan aka haɗa daga Monterosso zuwa Vernazza, Corniglia, Manarola har Riomaggiore, sai dai ba duka ake bi ba, ɓangaren Corniglia zuwa Manarola na bakin ruwa a rufe yake saboda zaftarewar ƙasa, sai ka zaga ta sama ta wani ƙauye Volastra. Mu daga Monterosso muka tashi da sassafe, kana barin gari matakala za su tare ka, na dutse, wasu dogaye wasu gajeru ba tsari, wani wurin hanyar ta matse har sai ka manne da bango wani ya wuce. Wanda ya taɓa hawa Dala ya tsaya yana haki a tsakiya, to ya ɗauka zai yi ta maimaita wannan har wajen awa biyu kafin ya hango Vernazza. Wani Alhaji da ke cikinmu, dattijo ne mai ciwon gwiwa, ya zo da takalminsa na fata irin na zuwa ɗaurin aure saboda babu wanda ya ce masa komai, kuma hukumar wajen ta hana shiga da silifas ko buɗaɗɗen takalmi, tara ce daga yuro 50 har 2,500. Dole ya koma tasha ya bi jirgi ya jira mu. Wallahi abin ya taɓa ni, mutum ya biya kuɗi daidai da kowa, da an gaya masa tun a Kano ai da ya leƙa Ƙofar Wambai ya samu kambas mai kyau na gwanjo.

Amma kai, idan ka kai saman nan ka leƙo Vernazza, gidaje ja da ruwan ɗorawa da ruwan hoda sun cunkushe a bakin 'yar tashar kwale-kwale, teku shuɗi har iya ganinka, Subhanallah kawai za ka yi ta cewa. Ni abin da ya fi tsaya min a rai ma gonakin ne. Dutse ne a tsaye amma mutanen nan sun sassare shi hawa-hawa, sun jera duwatsu sun yi katanga ba siminti ba komai, suna noman inabi da zaitun da lemon tsami a kai tun ɗaruruwan shekaru, har wani ɗan siririn layin dogo suka kafa mai ƙarfe ɗaya da suke sauko da kwandunan inabi. Saboda wannan aikin hannun ne UNESCO ta sa wajen cikin kayan tarihin duniya a 1997, a 1999 kuma gwamnati ta mai da shi gandun ƙasa. Ɗan jagoran da ofishin suka haɗa mu da shi ya nuna mana inda laka ta kai a bangon gidaje lokacin ambaliyar Oktoban 2011 da ta cinye Vernazza da Monterosso, ya ce duk inda aka bar katangar gona ta rushe to ruwa ya samu hanya kenan.

Mutumin nan shi kaɗai ya isa a biya kuɗin fakejin. Da ya gane Musulmi ne mu, duk shagon da muka shiga shi zai fara tambaya ko akwai naman alade ko giya a ciki, ya kai mu wajen masu soya ƙananan kifi suna zubawa a takarda, da farinata wadda ake yi da garin wani irin wake da man zaitun, da taliya mai pesto, wata koriyar miyar ganye. Lokacin salla ya samo mana gefe a ƙarƙashin zaitun ya tsaya yana jira ba ƙorafi.

Corniglia ita ce kaɗai ba ta bakin ruwa, a saman dutse take, daga tasha matakala kusan 380 ne, akwai 'yar bas amma ofishin ba su rubuta a takardar ba sai a can muka ji. Via dell'Amore kuma, wadda ta haɗa Riomaggiore da Manarola, an rufe ta a 2012 sai 2024 aka sake buɗewa, shimfiɗaɗɗiya ce ko tsoho zai bi amma sai an yi bukin da lokaci, ba su yi mana ba, ga shi ita ce ta dace da Alhajin nan.

Na kira manajan bayan mun dawo na ce ranka ya daɗe don Allah ku riƙa tambayar shekarun mutum da lafiyar ƙafarsa, ku rubuta zancen takalmi da gorar ruwa ɓaro-ɓaro a takarda, ku daina kai mutane a Yuli da Agusta lokacin zafi da cunkoso. Ya saurara, ya ce za su gyara. Mai niyya ya nemi Mayu ko ƙarshen Satumba, kuma ya ce a sa masa Via dell'Amore tun kafin ya biya.