Daga Liyon zuwa Damagaram: maganar ciwon sukarin Baba

Yaya, salamu alaikum. Ya gida, ya zafi, ya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi.

Ka ce in aiko da maganin sukari na Faransa, wai ya fi na gida ƙarfi. Metformine ɗin da aka rubuta wa Baba a babbar likitar Zinder, shi ne dai ake fara bai wa masu irin ciwonsa a nan. In a farmasi kuka saye shi, ba a hannun masu yawo da magani cikin rana ba, na nan bai fi shi da komai ba.

Inda suka tsere mana shi ne wajen bayani. A nan, wanda aka tabbatar yana da ciwon, inshorar lafiya ta gwamnati ke ɗaukar kuɗin maganinsa da awonsa. Suna da wani shiri mai suna sophia tun 2008, kyauta, ma'aikatan jinya ne ke magana da marar lafiya ta waya, ya tambayi duk abin da ya shige masa duhu. Bayan wata uku-uku ana awon jini mai suna HbA1c, wanda ke nuna yadda sukari ya kasance a watannin da suka wuce. Ga yawancin mutane ana so kada ya haura kashi 7 cikin 100. Ana kuma duba ido da ƙoda da tafin ƙafa duk shekara, don ciwon nan a ɓoye yake ɓarna. Wannan ne nake so ka roƙa wa Baba a wurin likitansa. Ka rubuta tambayoyinka a takarda tun daga gida, don layi na da tsawo, likita kuma ba ya da lokacin jira ka tuno.

Sai dai bayaninsu na cimarsu ne. Takardun da ke ameli.fr, shafin inshorar lafiyarsu, da na ƙungiyar masu ciwon sukari ta Faransa suna da kyau, duk mai jin Faransanci a gida ya karanta muku, amma ba su san tuwon gero ba, ba su san fura ba, balle shayin da ake cika wa sukari har zagaye uku. Likitan Zinder da ke cin abin da muke ci ya fi su sanin malmala nawa ta dace da Baba. Wake da kwaɗon zogale da muke rainawa, irinsu ne ake ta roƙon mutane su ci a nan. Kuma kada ka ɗauka komai da sauri yake a nan: ganin likitan ido kan ɗauki watanni.

Abin da ya fi damuna shi ne saƙonnin murya na WhatsApp da ake tura wa Inna. Duk wanda ya ce yana da ganye ko sassaƙe mai raba mutum da ciwon kwata-kwata har ya bar shan ƙwaya, ku rabu da shi, ko da a rediyo kuka ji tallarsa. Ka lura da lambobin awon sukari ma. Mu da Faransa da g/L muke awo, wasu ƙasashe da mg/dL ko mmol/L. Wanda ya ce 1,26 da wanda ya ce 126 da wanda ya ce 7, abu ɗaya suke faɗa, shi ne iyakar da ake gane ciwon da ita in an auna kafin karin kumallo.

Na'urar awo zan iya aikowa, amma kowace da nata tsinken da ake ɗiga jini a kai, na wata ba ya shiga wata. Ka zagaya farmasi biyu ko uku ka ga irin wanda suke sayarwa kullum, sai in sayi na'urar da ta dace da shi. A ajiye tsinkayen a ɗaki mai inuwa, kwalbar a rufe, zafin bazara na ɓata su.

In Baba ya fara zufa da rawar jiki, awo ya faɗi ƙasa da 0,70 g/L, a ba shi ƙwayar sukari uku nan take. Maganar azumi kuma a kai wa likita tun watan Sha'aban, shi zai gyara lokutan shan magani.

Ka ɗauko mini hoton takardar maganinsa da sakamakon awon ƙarshe. A gaida Inna da yara.