Ɗaukar mai kimanta haya a rikicin shago: aikin na biyan kuɗinsa, amma da sharaɗi

Idan mai gini ya ce ƙari, ɗan haya ya ce bai san zance ba, yawanci dillali ake kira ya faɗi yadda hayar layin take. To dillali da la'ada yake ci, hayar ta hau shi ma ya hau. Shi ya sa ƙwararren mai kimanta kadarori, wanda zai rubuta rahoto ya sa hannu, ya fi dacewa da wannan aiki.

Mai kimantawa na kirki da awo yake farawa. Yana auna cikin shagon daga bango zuwa bango, ya cire matattakala da ginshiƙai da banɗaki. Sannan ba kowane taku na shago ne kuɗinsa ɗaya ba. A tsarin da ake bi a Ingila, mita 6.1 na farko daga bakin ƙofa su ne masu cikakkiyar daraja, na biye rabi, na bayansu kwata. Shago mai faɗin mita 5 da zurfin mita 12.2 yana da murabba'in mita 61, amma a lissafi 45.75 ne: 30.5 na gaba, da 15.25 na ciki. Nan ake gane dalilin da ya sa doguwar rumfa mai ƙaramar fuska ba za ta kai hayar mai faɗin fuska ba, ko da girmansu ɗaya.

Daga nan sai kwatance da shagunan da ke kusa, aƙalla uku da aka ba da haya kwanan nan. A nan rahotanni da yawa suke faɗuwa. Kuɗin da mai gini ya yanka daban, wanda aka sallama a kai daban, kuma malalacin ma'aikaci na farkon yake kwasowa saboda shi ne mai sauƙin samu. A nemi ganin rasit ko takardar yarjejeniya. A kuma tambaya ko an yafe wa wancan ɗan hayar wasu watanni, da wa ke gyaran rufi, don duk suna canza ainihin kuɗin.

Abubuwa biyu bai kamata su shiga lissafi ba: gyaran da ɗan haya ya yi da aljihunsa, kamar tayil da kantar shago da ƙofar ƙarfe, da kuma masu sayayyar da ya tara da guminsa. Dokar masu gini da 'yan haya ta Ingila ta 1954 ta ware su a sashe na 34, bisa wasu sharuɗɗa. Rahoton da ya caji mutum haya a kan tayil ɗin da shi ya saya, a mayar wa mai shi ya gyara.

Raunin aikin a fili yake. Rahoto ra'ayin ƙwararre ne, ba ya ɗaure kowa sai an amince da haka tun farko ko kotu ta karɓe shi. Idan kowane ɓangare ya ɗauki nasa, sai a tashi da lambobi biyu da kuɗin aiki biyu. Gara su zaɓi mutum ɗaya tare, su rubuta cewa za su bi abin da ya fitar, su raba ladansa. Ladan kuma a yanke shi tsayayye kafin a fara awo, kada ya zama kaso cikin hayar da zai ƙayyade.