Hutun Legas daga wani ƙaramin masauki a Yaba

Duk wanda zai kai iyalinsa Legas don hutu, ba fatauci ko neman biza ba, shawarata ya fara zaɓar unguwa kafin ya zaɓi ɗaki. Ni da maigidana mun sauka a wani ƙaramin masauki a Yaba, bayan titin Herbert Macaulay, kuma abin da ya fi burge ni da shi ba gado ba ne ko fentin bango, wurin da yake ne. A garin nan cunkoson motoci ke cinye wa baƙo yini, ya fito da safe da niyyar wurare uku ya dawo da dare bai ga ko ɗaya da kyau ba. Daga Yaba kuwa, ta Adekunle ake hawa gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, wadda aka buɗe a 1990 zamanin Janar Babangida, sai ga ka a cikin tsibirin Legas. Tashar jirgin ƙasa na nan kusa, kasuwar Tejuosho ma da ƙafa ake zuwa. Kuɗin kwana kuma bai kai rabin abin da aka faɗa mana a otal-otal ɗin Victoria Island ba.

Ɗakin kansa ba wani girma gare shi ba. Gado ne da ƙaramin teburi da fanka da esi, zanin gado a wanke tas, banɗaki ba wari, ruwa kuma bai taɓa yankewa ba. Tun kafin mu tura kuɗi na sa aka ɗauko mini bidiyon ɗakin ta WhatsApp, na kuma tambayi lokacin da suke kunna janareta idan an ɗauke wuta. Suka ce daga magariba zuwa hantsi, kuma haka muka tarar. Da rana idan wutar ta tafi sai haƙuri, amma wanda ya zo ganin gari me zai zaunar da shi a ɗaki da rana? Wannan tambayar ta janareta kada kowa ya ji nauyin yinta, domin zafin Legas mai gumi ne, ba irin namu na Kano da inuwa ke maganinsa ba.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Tawul ɗaya suka ajiye wa mutum biyu, sai da muka yi magana. Karin kumallo kullum shayi da burodi da wainar ƙwai, ba canji. Babba a ciki shi ne ɗakinmu na kallon titi, ga wata mashaya a maƙwabta da ta saki kiɗa daren Juma'a har bayan sha biyu. Wanda zai je ya nemi ɗakin baya, a sama, ya kuma riƙo maganin sauro. Buta ma babu a banɗaki. Maigadin gidan, wani dattijo Basakkwace, shi ya ɗauko mini tasa ta biyu tun ban gama tambaya ba. "Hajiya, riƙe ta wurinki har ku tashi," in ji shi, ya biyo mu har ƙofa ya nuna mana alƙibla, gabas da ɗan karkata zuwa arewa. Shi ya riƙa gaya wa maigidana motar da za mu hau da inda za mu sauka, da kuɗin da ya kamata mu biya. Babu wannan a cikin rasit, amma a wurina yana cikin abin da ya ɗaga darajar gidan.

Saukarmu a masauki ba ta yi wa Kawu daɗi ba. Ƙanin mahaifiyata ne, ya daɗe a Agege yana harkar shanu a mayankar Oko-Oba. A waya ya ce, "Yanzu ina garin nan ki sauka otal? Me zan ce wa Yaya?" Maganarsa tana da nauyi, kuma duk Bahaushen da ya zo Legas yana da irin wannan kawu a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 ko Alaba Rago. Abin da muka yi shi ne muka ba shi yinin farko sukutum. Muka sayi katin Cowry, wanda da shi ake biyan jirgin ƙasa da motocin BRT, muka hau jirgin Red Line daga Yaba. Layin nan ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024, yana tafiya daga Oyingbo zuwa Agbado, ya tsaya Mushin da Oshodi da Ikeja da Agege. Ta taga muna kallon danfo, ƙananan motocin hayar Legas, sun yi cirko-cirko a titi, mu kuwa muna wucewa. Ba kowane lokaci yake tashi ba, don haka a duba jadawali tun da wuri. Matar Kawu ta yi mana tuwon shinkafa da miyar taushe, muka yi hira har la'asar sakaliya, Kawu ya haƙura da ya ji cewa wasan kwaikwayon da za mu kalla yana can Victoria Island, kuma dawowa Agege daga can da dare wahala ce da ba ta da dalili.

Wasan kwaikwayon shi ne ainihin abin da ya kai ni. Na taso da kallon wasanni a talabijin da finafinanmu na Hausa, amma wasan dandamali na ƙwararru, wanda ake sayen tikiti a zauna a kujera mai lamba, ban san shi ba sai a Terra Kulture, a titin Tiamiyu Savage. Bolanle Austen-Peters ce ta kafa wurin a 2003, zauren wasansa yana cin mutum kusan 400, kuma a harabar akwai gidan abinci da kantin littattafai da ɗakin baje zane-zane. Ranar da muka je sau biyu aka yi wasan, muka zaɓi na rana ta intanet don mu fito kafin dare ya yi nisa.

Gani ya kori ji. Da aka kashe fitilu, makaɗa suna gefe da gangunansu, wata mata ta fito ita kaɗai ta fara magana, ba a ɗaga murya ba amma har kujerar baya ana jinta. Ina kusa har ina ganin gumi yana gangaro mata ta gefen kunne, da yadda yatsunta ke rawa a bakin zaninta lokacin da aka kawo mata labarin mutuwa a cikin wasan. Ba a yanke a sake ɗauka, ba wanda zai gyara mata idan ta kuskure, kuma ba ta kuskure ba. Turanci ne da Burokin da Yarbanci a gauraye. Inda aka yi Yarbanci zalla, zauren ya fashe da dariya mu muna kallon juna, amma zaren labarin bai ɓace mana ba, jiki da fuska sun isar da saƙo. 'Yan kallon ma ba sa zama shiru, suna amsawa, suna gargaɗin wanda za a cuta, wata dattijuwa a gabanmu har salati ta saki. Gaskiya akwai rawar da shigarta ba irin wadda muka saba ba ce, don haka mai zuwa da yara ko surukai ya tambayi irin wasan tukuna. Tikitin ba arha ba ne, shi ya fi komai cin kuɗi a tafiyar idan aka cire kuɗin jirgin sama, kuma shi ne kuɗin da na fi jin ya tafi inda ya dace. Na fito ina tunanin 'yan wasanmu na Arewa, masu baiwa da yawa, da abin da za su yi da a ce suna da zaure irin wannan a Kano da masu zuwa kallo duk ƙarshen mako.

Babban gidan wasa na ƙasa da ke Iganmu kuwa daga waje muka gan shi. Mun hau jirgin Blue Line daga Marina, wanda ya fara aiki a Satumban 2023 zuwa Mile 2, yana ratsawa ta saman ruwa, yana da tasha daidai wurin. Ginin mai siffar hular soja an kammala shi a 1976 domin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya na 1977, bikin da aka yi babban hawan dabarsa a Kaduna. A 2024 aka sa masa sunan Wole Soyinka, shekarar da ya cika 90. Ko don wannan kallon kaɗai jirgin ya ci kuɗinsa.

Wurin da ba zan yafe wa ɗan Arewa ya tsallake ba shi ne gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957. A nan aka ajiye baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976. Ramukan harsashi suna nan a jikinta. Kabarinsa yana Kano, na sha wucewa ta wurin, amma tsayawa gaban motar wani abu ne daban. Maigidana ya daɗe a tsaye bai ce uffan ba, daga baya muka yi wa Murtala addu'a. Daga nan da ƙafa ake isa dandalin Tafawa Balewa, tsohon filin sukuwa inda aka karɓi 'yancin kai a 1960, gaba kaɗan kuma Freedom Park a titin Broad, tsohon kurkukun Turawan mulki da aka mayar wurin shaƙatawa a 2010. Duk kuɗin shigarsu kaɗan ne, yini guda ya ishe su.

Abinci, inda muka kashe kaɗan nan muka fi jin daɗi. Wata buka a Yaba da maigadi ya tura mu, mai ita Bayarabiya ce Musulma, ta zuba mana amala da zafinta, da ewedu, wadda lalonmu ce, da miyar wake da suke kira gbegiri, da naman akuya da ganda. Barkono ne dai sai an ce a rage tun kafin a zuba. Da safe idan shayin masauki ya ishe mu, sai mu sayi dafaffen wake na ewa agoyin da burodin Agege mai laushi a bakin titi. Da dare kuma Obalende, inda masu tsire 'yan uwanmu ne, ana gaisawa da Hausa a tambaye ka mutanen gida, a ƙara maka gyara. Mun gwada wani babban gidan abinci a tsibiri, wurin ya yi kyau, kifin ma ba laifi, sai dai takardar kuɗin ta zarce farashin da muka gani a rubuce. An ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, da harajin jihar Legas na kashi 5 da ake karɓa a otal da gidajen abinci, sannan kuɗin hidima a kai, kuma ba wanda ya faɗa mana sai da aka gama ci. Harajin doka ce, amma a tambaya ko yana cikin farashi kafin a yi oda.

Kasuwar Balogun sai da shiri. Ba gini ɗaya ba ce, tituna ne da lunguna da benaye a cushe da kaya, mutum na turo mutum, 'yan dako na ihun a ba su hanya. Ranar Alhamis kasuwannin Legas ba sa buɗewa sai ƙarfe goma saboda shara, ranar Lahadi kuma mafi yawan shaguna a rufe suke. A matsayina na wadda ta san Kantin Kwari, ban ga dalilin ɗauko atamfa ko shadda daga nan ba, farashin bai fi namu sauƙi ba. Inda Balogun ta yi zarra shi ne leshi da ashoke, saƙin Yarabawa, da gwaggwaro da jakunkuna da takalman biki, zaɓi har sai ido ya gaji. Na kuma sayi adire, rinin Yarabawa, don in haɗa shi da na Ƙofar Mata in ga bambancin zane. Samarin da ke tare hanya suna cewa a biyo su shago 'yan kamasho ne, ladansu a kan kuɗinka zai hau, don haka a gode musu a wuce. Ciniki kuwa kada a ji kunya, mai leshin da na taya rabin kuɗi ta riƙe baki, na juya zan tafi ta kira ni "Alaja, dawo", muka daidaita a tsakiya. Azahar muka yi a babban masallacin Legas da ke titin Nnamdi Azikiwe, cikin kasuwar yake kusan, ga wurin mata, ga ruwan alwala, ga hutun ƙafa.

Kayan sun fi ƙarfin nauyin da jirgin sama ke ɗauka kyauta, kuɗin ƙari kuma da ya cinye duk rangwamen da na samu. Masaukin sun yarda sun ajiye mana su bayan mun sallami ɗaki da sha biyun rana, ba su karɓi ko sisi ba, har yaron Kawu ya zo ya kwashe. Kawu ya sa aka ɗaure su a buhu, aka rubuta lambar wayar maigidana a jiki, aka ba direban wata babbar mota da ya sani mai komawa Arewa daga Agege, muka karɓe su a Kano ba abin da ya taɓa su.