Kantin maganin da ya tambaye ni lokacin da Inna za ta sha ƙwayarta

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aikin jinya, kuma na sha ganin marasa lafiya sun dawo asibiti a galabaice saboda an miƙa musu maganin sa fitsari ba tare da bayanin komai ba. Shi ya sa da likita a Asibitin Koyarwa na Shika da ke Zariya ya rubuta wa mahaifiyata furosemide da spironolactone saboda kumburin ƙafa da hakin ciwon zuciya, na ɗauki takardar da kaina zuwa wani kantin magani a Sabon Gari, ban kuma faɗa wa kowa aikina ba.

Masanin magungunan da na tarar bai karɓi kuɗi ba sai da ya tambaye ni: "Hajiya, da wane lokaci Mama za ta riƙa sha?" Ya ce furosemide yana fara aiki cikin awa guda, ya ɗauki kamar awa shida yana fitar da ruwa, don haka in ta sha bayan sallar Asuba, kafin Azahar yawan fitsarin ya lafa, alwalarta ta zauna, kuma ba za ta riƙa laluben hanyar bayi cikin duhu ba, inda tsofaffi suka fi faɗuwa. Da biro ya rubuta wannan a jikin kwalin, da Hausa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya bambance ƙwayoyin biyu. Furosemide yana hana ƙoda mayar da gishiri cikin jini, ruwa ya bi gishirin ya fita, amma sinadarin potasiyam ma yana tafiya tare da su, kuma ƙarancinsa kan kawo kasala, ɗaurewar jijiyar ƙafa da rikicewar bugun zuciya. Spironolactone kuwa riƙe potasiyam yake yi, shi ya sa ake yawan haɗa su, shi ya sa kuma gwajin jini ya zama dole, domin yawansa ma haɗari ne. Ya ja kunnena a kan diclofenac da ibuprofen, waɗanda tsofaffinmu ke sha kamar gyaɗa saboda ciwon gwiwa, alhali suna rage ƙarfin maganin, suna kuma wahalar da ƙoda.

Sai ya kawo maganar kanwa, kuma a nan na tabbata mutumin ya san garin da yake zaune. Kanwa cike take da sodiyam, sinadarin gishiri mai riƙe ruwa a jiki, kuma tun a shekarun 1970 likitoci a nan Zariya suka alaƙanta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego. Inna ba ta rabo da kunun kanwa. Ranar muka ajiye shi, muka kuma rage dunƙule a miya.

Ƙwayoyin suna cikin kwalinsu da lambar NAFDAC, ba a ƙirga su cikin farar leda ba, wanda yake da muhimmanci domin haske yana lalata furosemide. Farashin ya ɗan ɗara na wasu shaguna, kuma wurin zama benci ɗaya ne tak.

Akwai abin da ya ɓata min rai. Da na koma bayan Magariba a watan Afrilu, ana tsananin zafi, masanin ba ya nan, yaron kantin kuma ya miƙo min maganin ko takarda bai nema ba, balle ya tambaya ko Inna tana jin jiri in ta miƙe tsaye, alhali a irin wannan lokaci ne ruwan jiki ke ƙarewa mai shan waɗannan ƙwayoyi. Na gaya wa mai kantin, ya saurare ni, ya ce zai gyara. Tun daga nan da safe nake zuwa. A can na sayi sikelin da Inna ke hawa kullum kafin karin kumallo, muna rubuta nauyinta a littafi, domin in ta ƙara kilo 2 cikin kwana uku, mu koma Shika ba sai ranar ganin likita ta zo ba.